Hannu na Biyu: Asabar Uku da Sonic 2 a Agege

A cikin kwalin taliya ta zo, an naɗe ta da tsohuwar jarida. Wani maƙwabcin shagona a Computer Village, mai saro kayan tokumbo daga Alaba, shi ya tsinto ta a ƙasan buhun tsofaffin adafta da rimot. Ya san ba mai taya ta, ya kuma san wanda ke isar su da labarin Sega in kasuwa ta yi sanyi, sai ya dire mini a kan teburin gyara. Na'urar gem ce ta kamfanin Sega, Mega Drive ƙirar farko, baƙa wuluk, da rubutun 16-BIT a samanta, da ramin abin sauraro na kunne a gaba. Hannu biyu ne a ciki, wato abin riƙewa a sarrafa wasa, ɗaya ɓera ya ɗanɗana wayarsa. Kaset kuwa ɗaya tak: Sonic the Hedgehog 2.

Ganin kaset ɗin ya tono mini wani tsohon musu tsakanina da wana, tun muna yara a Agege. Shi a wurinsa Sonic na biyu ba komai ba ne illa na farko da aka tsinka da ruwa, aka liƙa masa wata 'yar dabba tana binsa zugui-zugui. Kuma har yau yana bugun ƙirji cewa ya taɓa kai shi ƙarshe a gidan gem ɗin bayan layin dogo, wai ranar da aka aike ni sayen kananzir. Ni ban taɓa yarda da ko ɗaya ba. Sai kuma wata tambaya da ta zo daga baya: yaron da ya buɗi ido ya ga waya a hannunsa, zai iya zama gaban wasan da ya girme shi da kusan shekara ashirin?

Masu gwajin a gida suke. Ɗan wana, mai shekara 13, gwanin ƙwallo a gidan gem da wasannin harbi a waya. Sai Auta, 'yata, mai shekara 7, wadda ba ta taɓa riƙe hannun gem ba. Sharaɗin da na sa wa kaina ɗaya ne: ba zan koya musu komai ba, kuma kullum daga farko za a fara, yadda aka yi wasan a yi shi.

Kafin a kunna

Gyaran bai ɗau lokaci ba. Na goge bakin kaset da sifirit da auduga, na haɗa wayar da ɓera ya ci. Adafta ce ta so ba ni wahala, domin ƙirar farko ta Mega Drive wutarta a juye take shiga idan aka kwatanta da yawancin adaftocin da ke yawo a kasuwa yau. Wanda ya cusa mata duk wadda bakinta ya shiga, zai iya ƙona ta. Na auna da mita kafin na jona.

Talabijin ce ta koya mini abin da ban zata ba. A kan falallen allon falona hoton ya fito a dagule, kuma tsakanin danna maɓalli da tsallen Sonic akwai ɗan jinkiri, kaɗan ne, amma a wasan da ake faɗa wa rami saboda ƙiftawar ido, kaɗan ɗin ya isa. Na je wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, na aro tsohuwar talabijin mai ƙusumbi da ya daɗe yana ɗora kwanon abinci a kai. Nan take launuka suka zauna, tsalle ya dawo daidai da yatsa.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mai nazari ya sani. Wannan na'urar ta kasuwar Turai ce, irin wadda ta fi shigowa Najeriya saboda tsarin talabijin ɗinmu ɗaya ne da nasu. Tana sauya hoto sau 50 a daƙiƙa, ta Japan da Amurka kuwa sau 60. Ma'ana, Sonic ɗin da muka riƙa yi wa kirarin iska a Agege yana gudu ne da ragin kusan kashi ɗaya cikin shida na ainihin gudunsa. Shekara da shekaru muna yabon gudun doki, ashe da dabaibayi muka gan shi.

Inda wasan ya fito

Sonic na farko ya fito a 1991, a lokacin da Sega ke neman gwarzon da zai ja da Mario na Nintendo. Bayan nasararsa, Yuji Naka, wanda ya rubuta injin wasan, ya bar Sega ta Japan cikin rashin jin daɗi. Mark Cerny ya jawo shi zuwa Kalifoniya, zuwa Sega Technical Institute, tare da Hirokazu Yasuhara mai tsara hanyoyi. A can aka yi na biyu, Japanawa da Amurkawa a ofis ɗaya, harshe na ba su wahala, lokaci na korarsu. Zanguna, wato matakan wasan, da dama da aka fara zanawa an yar da su a hanya, mafi shahara shi ne Hidden Palace. Wasan ya fito a Japan ranar 21 ga Nuwamba, 1992, a Amurka da Turai kuma ranar Talata 24 ga watan. An sayar da kusan kofi miliyan 6. Duk wannan duniyar tana cikin kaset mai cin megabayit ɗaya, wanda bai kai nauyin hoto guda na wayar da nake gyarawa ba.

Dabbar da wana ya raina kuwa yanyawa ce mai wutsiya biyu, Yasushi Yamaguchi ya zana ta. Sunanta na yanka Miles Prower, wasa ne da kalmomin Turanci na auna gudun mota, amma kowa Tails ya sani.

Asabar ta farko

Yaron ya karɓi hannu yana taɓe baki. Maɓalli uku ne a ƙarƙashin babban yatsa, ya danna su ɗaya bayan ɗaya, duk tsalle suke yi.

"Baffa, wannan hannun ya lalace. Ina na harbi?"

Na ce masa lafiyarsa ƙalau. Ya shiga Emerald Hill, zangon farko mai ciyawa da itatuwan kwakwa, ya wuce kashi biyunsa da bos ɗin, wato babban maƙiyin ƙarshen zango, motar mugun wasan Robotnik mai tsinin haƙa a gaba, ba tare da ya rasa rai ba. A wani gangare da gudu ya ƙare masa, ya danna ƙasa da tsalle bisa kuskure, Sonic ya dunƙule yana murzawa a wuri ɗaya kamar tayar da ta kafe a laka, ya saki, ya harba. Yaron ya gyara zama.

Wannan murzawar ita ce amsa ta farko ga wana. A wasan 1991, in gudu ya yanke maka a gindin tudu, sai ka koma baya ka ɗauko shi daga nesa. A na biyu, daga inda kake tsaye kake samo shi. Ƙaramin sauyi ne a hannu, amma ya sauya yadda aka gina hanyoyi gaba ɗaya: sun fi tsawo, sun fi hawa da sauka, akwai ta sama ga wanda ya iya, akwai ta ƙasa ga wanda ya faɗo. Sannan an rage kashi uku na kowane zango zuwa biyu a yawancinsu, don haka kafin wuri ya gundure ka an kai ka wani. Wanda ya taɓa zama yana tura dutse a zangon Marble na wasan farko, yana jiran ya haye wuta, ya san abin da aka cire.

Chemical Plant ne ya fara karya masa girman kai. A kashi na biyu akwai wani dogon rami da ruwa mai launin shuni ke tasowa, kai kuma kana hawa tubalan da ke zagayawa. Sonic ba ya iyo. Kusan daƙiƙa 30 kawai yake jurewa a ƙasa, kafin su cika sai kiɗan ya sauya zuwa wani mai tayar da hankali, lambobi su fara sauka daga 5. Na ga kafaɗun yaron sun ɗaga. Ya nutse sau biyu a jere, wuri ɗaya, saboda gaggawa. Ni ma a nan na riƙa nutsewa, kuma da kiɗan ya tashi sai da na ji cikina ya ɗuri ruwa, da furfurata.

A nan ne Auta, wadda ta gaji da kallo, ta ɗauki ɗaya hannun da ke yashe a kan tabarma. Ta danna. Tails ya yi tsalle shi kaɗai.

"Abba, ni ce! Ni ce wannan!"

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutun. A Sonic 2, in ana wasa da su biyun, duk wanda ya ɗauki hannu na biyu ya mallaki Tails, ba sai an shiga wani zaɓi ba. Tails ba ya ƙarewa. In ya faɗa rami, ko Sonic ya tsere ya bar shi a bayan allo, bayan ɗan lokaci sai ga shi ya sauko daga sama yana juya wutsiyoyi. Zoben da ya tsinta, irin waɗanda ake tarawa a hanya su kare Sonic daga mutuwa in an taɓa shi, na Sonic ne. In ya bugi bos, an lissafa. In an ajiye hannun, na'ura ta ci gaba da tafiyar da shi. Wato an yi wa ƙani gurbi: ba ya iya ɓata wa babba wasa, amma yana iya taimakonsa.

Na san wannan gurbin, domin a cikinsa na girma. A gidan gem, kuɗin wasa na wana ne, hannu na farko nasa ne. Mai gidan gem ba ya karɓar komai a kan hannu na biyu, tunda a ganinsa ba wasa ba ne. Shi ya sa wana ya ɗauki Tails jela. Bai taɓa riƙe shi ba.

Bos ɗin Chemical Plant, mai zubo ruwan guba daga sama, Auta ce ta yi masa bugun ƙarshe, tana danna maɓalli ido rufe. Yayanta bai ji daɗi ba, amma bai ce ta ajiye ba.

Asabar ta biyu

Sun wuce Aquatic Ruin ta hanyar sama, sun iso Casino Night. A nan uwargida ta leƙo daga kicin ta tsaya. Zangon gidan caca ne, da fitilu da injinan da ke juya hotuna uku, in sun dace a ba ka zobba, in fuskar Robotnik ce ta jeru a kwashe maka. Ta dube ni.

"Abban Auta, wannan kuma me kake koya musu?"

Ban yi gardama ba, don tana da gaskiya a abin da ta gani. Ba kuɗi a ciki, amma siffar ta caca ce, kuma na lura yaron ya daina tafiya, ya tsaya yana ta komawa cikin injin har agogo ya doshi minti 10 da ake kashe mai wasa in ya cika. Muka yi yarjejeniya: a wuce zangon, ba tsayawa. Mai sayen wannan wasa don yara ya san da wannan tun wuri.

Sai matsalar Tails ta farko ta bayyana. In ka riƙe zobe 50 ka taɓa sandar tsakiyar hanya, taurari na zagaye a samanta, ka faɗa ciki zuwa wani fili mai kama da rabin bututu, inda ake tara zobba ana kauce wa bama-bamai don samun duwatsu bakwai. Wasan farko shida ne da shi, kuma ba su ba ka komai sai ɗan sauyin ƙarshe. A nan, wanda ya haɗa bakwai yana iya zama Super Sonic mai ruwan ɗorawa, wanda ƙaya ba ta taɓa shi, yana cin zobe ɗaya kowace daƙiƙa. To a wannan filin kaɗai Tails ke da nasa zobban, kuma in bam ya same shi suna zubewa. Auta ta zubar da su sau uku. Aka yi 'yar hatsaniya, har da hawaye. Ko da na'ura ce ke riƙe da shi haka yake yi, don yana kwaikwayon motsinka ne a makare. Wannan kuskuren tsari ne, ba na yarinya ba, na kuma faɗa wa yayanta haka.

Mystic Cave yana da nasa zaluncin. A kashi na biyu akwai wani rami mai zurfi da ƙayoyi a ƙasa, ba hanyar fita. Ka faɗa, ka zubar da zobba, ka jira mutuwa. Yaron ya ce, "Baffa, wannan ai mugunta ce." Ban kare su ba.

Da aka kira La'asar muka danna tsayawa, muka bar na'urar a kunne, muka je masallaci. Muka dawo adafta ta yi zafi kamar dutsen guga, amma wasa na nan. Suka ƙetare Oil Ocean, mai tankunan mai da hayaƙi, wanda yaron ya ce Apapa ce. Suka shiga Metropolis, zango na takwas cikin goma sha ɗaya, bayan fiye da awa biyu.

Aka ɗauke wuta.

Bayan kamar minti goma aka dawo da ita. Allo ya haska, murya ta rera sunan Sega, Sonic da Tails suka leƙo suna murmushi. Yaron ya riƙa neman inda zai danna ya ci gaba. Na ce masa babu. Kaset ɗin ba shi da batir, ba shi da inda yake rubuta inda ka tsaya. Sai a Sonic 3 na 1994 aka kawo wannan. Ya daɗe yana kallona kamar na ce masa an sace masa waya.

Masu yin wasan sun zana shi ne don gidan da wuta ba ta ƙiftawa. A can rashin ajiya horo ne: ka maimaita har ka haddace. A Legas kuwa wani bos ne na daban, wanda ba a buga masa tsalle, kuma duk nazarin da aka rubuta a Landan ko Tokyo ba zai ambace shi ba.

Asabar ta uku

Na sayi fetur, na tayar da ƙaramin janareto tun kafin a kunna. Na kuma kira wana ya baro kasuwar Mile 12 da albasarsa ya zo ya kare maganarsa. Ya iso da warin kasuwa a rigarsa, ya zauna a kujera yana cewa yara su yi, in sun gaza ya karɓa.

A wannan karon sun isa Metropolis cikin ƙasa da rabin lokacin baya, wanda ya nuna maimaicin ba banza ba ne. Amma Metropolis wani wasa ne daban. Kashi uku gare shi, shi kaɗai. An cika shi da maƙiyan da aka ajiye daidai inda ba ka ganinsu: ƙoƙi-ƙoƙin ƙarfe mai jefo laujensa, ƙaguwa mai miƙo dantse, tauraro mai fashewa a cikin bango yayin da kake murza ƙusa kana hawa a hankali. Wasan da ya shafe zango bakwai yana koya maka gudu, a nan yake hukunta ka a kansa. Auta ce ta cece su sau da yawa, tana shiga gaba maƙiyi ya huce a kanta.

Sannan aka zo Sky Chase. Tails ya hau kujerar jirgi, Sonic na tsaye a kan fiffike. Auta ta danna, ta sake dannawa. Ba abin da ya motsa. A farkon Wing Fortress aka harbo jirgin, ya yi ƙasa da hayaƙi, Sonic ya dira shi kaɗai.

"Abba, yaushe zan dawo?"

Na ce mata sai an gama. Ta ajiye hannun a kan tabarma, daidai inda ta ɗauke shi makonni biyu baya, ta koma wurin uwarta.

A ganina nan ne babban aibin Sonic 2, ya fi ramin ƙaya, ya fi rashin ajiya. Abin da ya bambanta shi da na farko shi ne ya buɗe wa mutum na biyu ƙofa, sai ga shi a zanguna uku na ƙarshe ya tura shi waje. Ta fuskar labari na gane: ana son gwarzo ya fuskanci ƙarshe shi kaɗai. Amma wanda ya yi tafiyar zango takwas tare da kai, bai kamata ya ga ƙarshen daga bakin ƙofar kicin ba.

Death Egg ba shi da zobe ko ɗaya, don haka taɓawa guda mutuwa ce. Bos biyu ne a jere: Sonic na ƙarfe mai zarto a ka, mai ɗaukar bugu 8, sai ƙaton mutum-mutumin Robotnik mai ɗaukar 12. In na biyu ya kashe ka, ka koma na farko. Yaron ya iso da rai huɗu, ya kayar da na ƙarfen sau ɗaya, ƙaton ya gama da shi. Saura rai ɗaya ya miƙa wa ubansa.

Wana ya goge hannu a riga. Ya yi tsalle ɗaya, ya sauka a kan zarton. Wasa ya ƙare.

Bayan dariya ta lafa, na tambaye shi yadda ya bi ya wuce Metropolis a wancan zamanin da kuɗin awa ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya ce shi bai tuna wani wuri mai ƙusoshi ba. Mai gidan gem ne, in ji shi, ke shiga wurin gwada sauti ya danna wasu lambobi, sai jerin zanguna ya fito, ya kai mutum inda yake so in an ƙara masa wani abu. Lambobin su ne 19, 65, 09, 17, ranar haihuwar Yuji Naka, 17 ga Satumba, 1965. Ya kai ƙarshe, gaskiyarsa. Ta taga ya shiga.

"To, Yaya, har yanzu na farkon ne aka tsinka da ruwa?"

Ya ce kiɗan na farko ya fi daɗi. Mutum ɗaya ne, Masato Nakamura, ya tsara kiɗan duka biyun, amma na bar masa wannan, kada ya koma Mile 12 hannu rabbana.

A daren na sauke wa yaron sabon zubin wasan a waya, wanda Christian Whitehead da Simon Thomley suka sake ginawa a 2013. An gyara kusan duk abin da na lissafa. Yana ajiye inda ka tsaya, yana gudu da cikakken saurinsa, Tails na tashi sama da umarninka, kuma ramin muguntar nan na Mystic Cave yanzu shi ne ƙofar Hidden Palace da aka yar a 1992. Ya buga na minti ashirin, ya ce yatsa na zamewa a kan gilas. Auta ta leƙa ta kafaɗarsa, ta nemi inda za ta riƙe, ba ta samu ba.

Dattijon mai gyaran rediyo ya ce in riƙe talabijin ɗin zuwa Sallah. Yaron ya rubuta lambobin huɗu da biro a jikin kwalin taliyar, yana zuwa duk Asabar ya shiga Death Egg kai tsaye, yana ƙirga bugu da ƙarfi. Ya kai tara. Auta ta ce a kira ta ranar da za a fara daga wurin ciyawa.